Fulotai 144 domin fansar iyali: Free Frank da garin New Philadelphia

Ranar 16 ga Satumba, 1836, aka shigar da taswirar wani sabon gari cikin kundin filaye na gundumar Pike, a yammacin jihar Illinois ta Amurka. A wancan zamanin wannan ba labari ba ne. Zazzaɓin yanka filaye ya kama yankin, duk wanda ya mallaki 'yar gona a bakin hanya sai ya kira safiyo ya ja masa layuka, ya raɗa wa wurin suna, ya zauna jiran masu saye. Abin da ya fitar da wannan taswira daban shi ne mai ita. Baƙar fata ne ɗan shekara 59, bai iya karatu ba bai iya rubutu ba, shekara 17 kacal da fitarsa daga bauta, kuma ko sunan uba ba shi da shi a takarda. Free Frank ake kiransa, wato Frank mai 'yanci, domin a bambanta shi da sauran masu suna Frank waɗanda har lokacin dukiyar wani ne.

Garin ya sa masa suna New Philadelphia. Shi ne gari na farko a Amurka da baƙar fata ya auna, ya yanka, ya yi wa rajista a hukumance da sunansa. Amma wanda ya tsaya a kan wannan lambar yabo kawai ya yi wa labarin kallon kitse. A ranar da aka yi wa garin rajista, 'ya'yan Frank mata biyu da jikokinsa suna can jihar Kentucky a hannun iyayengiji, kuma kowane fuloti da ya ja wa layi ya riga ya san inda kuɗinsa za su tafi.

Murgu a Kentucky

An haifi Frank a 1777 a South Carolina. Mahaifiyarsa, Juda, daga Afirka ta Yamma aka kamo ta. Mahaifinsa kuwa, bisa abin da iyalin suka riƙe kuma masana tarihi suka fi karkata a kai, shi ne ubangidanta, wani Bature manomi mai suna George McWhorter. Bahaushe zai yi mamaki a nan, domin a shari'ar da ya sani ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta ɗa ne kamar kowane ɗa, yana cin gado, yana ma iya hawa gadon sarauta. A Amurka dokar a juye take: yaro yana bin matsayin uwarsa, ko da wane ne ubansa. Don haka Frank ya tashi bawan mahaifinsa. Wannan ƙa'ida ta bin uwa ita ce ta tsara duk lissafin da Frank ya yi a rayuwarsa, shi ya sa na fara ajiye ta tun daga nan.

A 1795 McWhorter ya yi ƙaura zuwa gundumar Pulaski a Kentucky, wadda a lokacin daji ce da ake kan sarewa, ya tafi da Frank. Bayan shekara huɗu Frank ya auri Lucy, baiwa a wata gonar maƙwabta ta gidan Denham. Aure ne da doka ba ta san da zamansa ba, kuma duk abin da Lucy ta haifa na gidan Denham ne.

Ƙofar da ta buɗe wa Frank ita ce abin da Hausawa a da suke kira murgu. Ubangida ya bar bawa ya je ya nemi na kansa, shi kuwa bawan ya riƙa biyansa wani adadi da aka yanka, abin da ya rage ya sa aljihu. McWhorter ya yarda da wannan tsari, daga baya ma ya sake yin gaba zuwa Tennessee ya bar wa Frank kula da gonar Kentucky. Sai ga mutum yana noma wa ubangidansa, yana biyan murgu, yana kuma neman abin da zai tara. Irin wannan tarin na sisi da kwabo zai iya cin ran mutum kaf bai kai kuɗin fansa ba. Yaƙi ne ya gajarta masa hanya.

A 1812 Amurka da Ingila suka gwabza. Albarushin bindiga abu uku ake haɗawa a yi shi: gawayi, farar wuta, da wani gishiri mai ɗaci wanda shi kaɗai ya kai kashi uku cikin huɗu na haɗin. Mafi yawan wannan gishiri daga Indiya ake kawo shi ta hannun Ingilishi, da yaƙi ya tashi sai hanya ta toshe, farashinsa ya ninka sau da dama. Kentucky kuwa ƙasar koguna ce, irin na cikin duwatsu, kuma ƙasar da ke daɓe a cikinsu cike take da sinadarin. Aikin ba ya bukatar injin, ƙarfi da haƙuri yake so. A shiga kogo da fitila a haƙo ƙasa, a loda ta cikin wani babban akwatin katako mai tsukakken gindi, a kwarara ruwa a kai ya riƙa tsiyaya a hankali. Duk wadda ta taɓa tsiyayar toka domin miya ko sabulu ta san hoton. Ruwan da ya tsiyaye sai a gauraya shi da ruwan tokar itace, a tace, a ɗora a manyan tukwane a yi ta dafawa har ya ƙafe, idan ya huce sai gishirin ya fito tsinke-tsinke kamar allurai. Frank ya kafa wannan sana'a da hannunsa, a kan lokacin da ya rage masa bayan aikin gona.

McWhorter ya mutu a 1815 bai 'yanta shi ba. Frank ya faɗa hannun magada, ya ci gaba da biyansu.

Wa za a fara fansa?

A 1817 kuɗi suka kai dala 800. Frank bai fanshi kansa ba, Lucy ya fansa. Tana ɗauke da ciki a lokacin, kuma da ta haihu a hannun Denham da jaririn ya zama ƙarin dukiyar Denham, wani sabon bashi a wuyan Frank. Da ya biya kafin haihuwa sai ya tsinci mutum biyu da kuɗin ɗaya, ya kuma toshe ɓarakar gaba ɗaya: Squire da aka haifa a shekarar, da Commodore da Lucy Ann da suka biyo baya, duk 'ya'ya ne tun ranar suna. Ana yawan ba da wannan a matsayin labarin soyayya, kuma ba na musun akwai soyayya a ciki. Sai dai lissafi ne na ɗan kasuwa mai sanyin kai, wanda ya gane cewa bashin da ke kansa mai haihuwa ne, dole a fara kashe shi ta inda yake haihuwa. Shi kansa ya ƙara shekara biyu yana bawa, mijin 'yantacciya, kafin ya tara wata dala 800 ya sayi kansa a 1819. Yana da shekara 42.

Gidan Denham ba su saki Lucy cikin daɗin rai ba. An kai ta ƙara ita da mijinta ana neman wani bashi da aka ce ta ci tun tana baiwa. Magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta Kentucky, kotu ta ce baiwa ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya, saboda haka babu bashin da za a bi ta. Dokar da ta ce ita ba mutum ba ce, ita ce ta wanke ta.

Shekara goma da suka biyo baya Frank ya faɗaɗa harka. Ya sayi filaye, ya yi noma, ya kai sana'ar gishirin albarushi garin Danville inda kasuwa ta fi. Sai babban ɗansa, wanda shi ma Frank ne sunansa, ya tsere zuwa Kanada a 1826. A Kanada yana da 'yanci, amma a idon dokar Amurka gudajjen bawa ne, ranar da ya tako ƙasar za a iya kama shi. A 1829 uban ya ɗauki masana'antar Danville ɗungurungum ya miƙa wa mai yaron, aka ba shi takardar 'yancin ɗansa. Wato sana'ar da ta fanshe shi, ta fanshi matarsa, ita ya bayar a bakin mutum ɗaya. Daga nan babu abin da ya rage masa a Kentucky sai waɗanda bai iya fansa ba.

Illinois: 'yanci mai sharaɗi

A ƙarshen 1830 Frank da Lucy da 'ya'yansu huɗu masu 'yanci suka ɗaure kaya a keken shanu suka nufi arewa. Suka bar Juda, wadda aka sa wa sunan kakarta, da Sarah da Solomon. Tafiyar ta faɗa cikin hunturun da mutanen Illinois suka daɗe suna ba da labarinsa saboda zurfin dusar ƙanƙarar da ta zuba, dole suka yada zango a gundumar Greene har sanyi ya sauka. A farkon 1831 suka isa gonar eka 160 da Frank ya riga ya mallaka tun yana Kentucky, a yankin Hadley na gundumar Pike. Ƙasar tana tsakanin kogin Illinois da kogin Mississippi, cikin filayen da gwamnati ta raba wa tsofaffin sojojin yaƙin 1812, waɗanda da yawansu ba su taɓa zuwa sun gani ba, sun sayar da takardunsu da arha.

Illinois ta shiga tarayyar Amurka a 1818 a matsayin jihar da ba a bauta, amma kada sunan ya ruɗi mai karatu. A 1824 sai da aka kaɗa ƙuri'a kan ko a kira taron sauya tsarin mulki domin halatta bauta, masu so suka sha kaye ba da tazara mai yawa ba. Dokokin jihar sun wajabta wa duk baƙar fatar da zai zauna ya nuna takardar 'yanci, daga 1829 kuma ya kawo lamunin dala 1,000 cewa ba zai zama nauyi a kan hukuma ba. Ba ya zaɓe, ba ya ba da shaida a kotu a kan Bature, 'ya'yansa ba su da gurbi a makarantar gwamnati. Ga jihar Missouri, inda ake cinikin bayi a fili, tana tsallaken kogi, tafiyar kamar mil 20. Masu satar mutane suna ƙetarowa, kuma takardar 'yanci takarda ce, ana iya yaga ta.

A wannan wuri Frank ya sare daji, ya yi noma, ya yi kiwo, ya riƙa kai amfanin gona bakin kogi inda jiragen ruwa ke lodi. Cikin shekara huɗu ya tara abin da ya koma Kentucky ya fanso Solomon a 1835. Kowace irin wannan tafiya kasada ce: baƙar fata, da kuɗi masu yawa a jikinsa, yana ratsa ƙasar da kowane ɗan iska zai iya tare shi ya ce bawansa ne da ya gudu.

Me ya sa Solomon, ƙaramin cikinsu, ya riga yayyensa mata? Amsar da ta fi kusa ita ce gona tana bukatar hannu, kuma saurayi ɗan shekara 20 zai taimaka a tara kuɗin na gaba da sauri. Amma wannan zaɓi yana da tsada, domin ya saɓa wa dabarar 1817. Sarah ba ta fita ba sai 1843, Juda kuwa sai 1850, tana da shekara 50 a duniya. Duk abin da suka haifa a tsakani bawa ne, duk abin da 'ya'yansu mata suka haifa shi ma haka. A lokaci guda farashin mutum yana hawa, saboda an hana shigo da bayi daga Afirka tun 1808, gonakin auduga na kudu kuma suna haɗiye mutane, dillalai suna zagaya Kentucky suna saye suna turawa can. Kullum akwai fargabar a wayi gari an sayar da jika zuwa inda ba za a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Frank yana gudu, bashin yana gudu a gabansa. Noma kaɗai ba zai cim masa ba.

Gari a matsayin haja

Nan ne dabarar gari ta shigo. Frank ya sayi eka 80 daga gwamnatin tarayya a kan dala 100, wato dala ɗaya da kwata kowace eka, dab da gonarsa, ta gefen kudu. Ya ware eka 42 daga ciki ya sa aka auna. Aka fitar da unguwanni 20 da fulotai 144, kowane fuloti ƙafa 60 a faɗi, 120 a tsawo. Manyan tituna biyu, Broad Way da Main, aka ba su faɗin ƙafa 80, aka bar lunguna a bayan gidaje. Idan aka buga lissafi, ƙasar da garin ya zauna a kai ba ta kai dala 53 ba a wurin saye. Duk wanda ya ga yadda ake sayen gona a gefen gari a yanka ta fulotai ya san sirrin: ƙasa ɗaya ce, amma da zarar an ja layi an ce nan titi ne, nan kasuwa, sai a daina sayar da ita da eka a koma sayarwa da ƙafa.

Wurin ma ba da ka ya zaɓe shi ba. Yana kan tudu, kusa da ruwa da itace, a kan hanyar da manoma ke bi da kekunan shanu tsakanin kogunan biyu. Ana kuma ta maganar babbar hanyar ruwa da za a haƙa ta haɗa kogin Illinois da tafkin Michigan, abin da ya sa kowa ke ganin ƙasar yankin za ta yi daraja.

Saura matsala ɗaya. Mutumin da ba shi da cikakken suna, wanda matsayinsa a kotu ke da rauni, yaya zai sayar da fuloti mai saye ya natsu da takardarsa? Yaya zai bi wanda ya ci masa kuɗi? Frank ya nemi maƙwabtansa Turawa suka sa hannu a takardar shaidar halinsa, ya kai kuka majalisar dokokin jiha. A farkon 1837 majalisar, wadda wani matashin lauya mai suna Abraham Lincoln ke cikin wakilanta a lokacin, ta zartar da doka ta musamman domin mutum ɗaya. Dokar ta ba shi suna Frank McWorter, sunan uban da bai taɓa amsa shi ba, an dai cire harafi ɗaya. Ta ba shi ikon kai ƙara da amsa ƙara, da saye da sayar da kadara da wannan suna, ta kuma sa 'ya'yansa su gaji sunan. A cikin takardun wannan nema an faɗi a sarari cewa kuɗin fulotan na fansar iyalinsa ne. Bai ɓoye wa kowa manufarsa ba, har da masu saye.

Sai dai sa'a ba ta zo daidai ba. A shekarar da ya fara sayarwa, 1837, tattalin arzikin Amurka ya rufta, bankuna suka rufe, farashin ƙasa ya faɗi warwas. Garuruwa da yawa da aka yanka a gundumar Pike a waɗannan shekarun ba su wuce takarda ba. A shekarar ce kuma 'yan tarzoma suka kashe Elijah Lovejoy, ɗan jarida mai adawa da bauta, a garin Alton na jihar. Cikin wannan yanayi fulotan New Philadelphia suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya, a hankali.

Abin da ya tsirar da garin, a ganina, shi ne Frank ya sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi. Ba shi da zaɓi ma. A ƙidayar 1850 baƙar fata ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Illinois ba, wanda ya ce su kaɗai zai sayar wa zai kwana da hajarsa. Sai Turawa suka saya, baƙaƙe suka saya, 'yan kasuwar fili suka saya domin su sake sayarwa. Ƙidayar 1850 ta sami mutum 58 a gidaje 11, fiye da kashi ɗaya cikin uku baƙaƙe ko ruwa-biyu. Akwai masu ɗinkin takalma, da kafinta mai kayan ɗaki, da mai gyaran ƙafar keke, da mai kanti, da limamin cocin Baptist. An buɗe gidan waya, keken doki mai ɗaukar fasinja yana tsayawa, daga baya aka kafa maƙera. Ƙaramin wuri ne ƙwarai, amma irin wurin da manomi zai zo da garmarsa da ta karye, ya sayi gishiri da ƙusa, ya karɓi wasiƙa, ya ji labarin farashin alkama. Shi kansa Frank bai zauna a cikin garin ba, yana gonarsa ta arewa yana kallonsa daga can.

Ya so ya gina makaranta da za ta karɓi kowane yaro, tunda ta gwamnati ba ta karɓar jikokinsa. Ya ware fili, ya ƙulla yarjejeniya da waɗanda za su gina ta ƙarƙashin wata ɗariƙar Baptist, aikin ya watse, magana ta ƙare a kotu. Mutumin da bai taɓa rubuta sunansa ba ya mutu bai ga makarantar ba.

Akwai kuma harkar da ba a rubutawa. Tarihin baka na iyalin ya ce gidan McWorter mafaka ne ga bayin da suka tsere daga Missouri, kuma 'ya'yan Frank sun raka wasu har Kanada, hanyar da babbansu ya riga ya sani da ƙafarsa. Bayan dokar 1850, wadda ta tsananta hukunci a kan duk mai taimakon gudajjen bawa, wannan aiki yana iya cinye gona da gari baki ɗaya.

Zaman tare, da iyakarsa

Sunan Philadelphia daga harshen Girka yake, ma'anarsa ƙaunar 'yan'uwa, kuma masu ba da labarin garin suna son su jingina da wannan su mai da shi aljannar duniya. Shaidar da ke ƙasa ta fi haka gauraye. Daga 2004 masu tonon kayan tarihi na jami'o'in Maryland da Illinois, tare da gidan tarihin jihar, suka yi shekaru suna haƙa harsasan gidaje da ramukan shara. Sun tarar da fasassun tangaran da kwalabe kusan iri ɗaya a gidajen baƙaƙe da na Turawa, alamar kanti ɗaya suke zuwa kuma aljihunsu bai yi nisa da juna ba. Ƙasusuwan abincin da suka tono sun nuna bambanci, amma bambancin ya fi bin inda mutum ya fito: waɗanda suka taso daga kudu sun fi cin alade, 'yan arewa maso gabas sun fi cin naman sa da na tunkiya. A ɗaya ɓangaren kuma, yara sun yi shekaru suna karatu a rabe kafin a haɗa su a makaranta ɗaya a shekarun 1870, kuma maƙabarta biyu ce, kowa da tasa. Maƙwabtaka ce ta mutanen da ke bukatar juna, a cikin jihar da a 1853 ta kafa dokar hana baƙar fata shigowa ya zauna kwata-kwata.

Frank ya rasu a watan Satumba na 1854 yana da shekara 77. Ya zuwa lokacin ya fanshi mutum tara, har da shi kansa. Ya bar wasiyya a ci gaba, Solomon kuwa ya riƙe amana: ya sayar da filaye daga gadon, ya koma Kentucky, zuwa 1857 ya fito da ƙarin mutum bakwai, jikoki da tattaɓa-kunne. Jimilla mutum 16, a kan kuɗi kimanin dala 14,000. Idan aka raba, kowane kai ya tashi kusan dala 875, kuɗin eka 700 a farashin gwamnati. Shekara 40 cif daga fansar Lucy zuwa ta ƙarshe. Bayan shekara takwas, a 1865, aka haramta bauta a duk faɗin Amurka, abin da Frank ya ƙarar da ransa yana saye ya zama na kowa kyauta. Babu yadda za a yi ya san haka, kuma Juda da ta fita tana da shekara 50 ba ta da wasu shekaru 15 na jira.

Wannan ita ce fuskar da ta fi damuna a lissafin. Dala 14,000 a wancan zamani jari ne na gaske. Ɗan kasuwa Bature mai basirar Frank da ya zuba su a injin niƙa, ko babban kanti, ko hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa, abubuwan da ke sa gari ya yi nauyin da ba a iya kauce masa. Ribar New Philadelphia kuwa tana fitowa tana wucewa Kentucky, aljihun mutanen da suka riƙe 'ya'yansa. Garin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa, amma aikin ne ya hana shi ƙiba.

Jirgin da ya kauce

Garin ya kai ƙololuwarsa bayan mutuwar mai shi. Ƙidayar jiha ta 1865 ta sami mutum 160, kusan kashi 30 cikin ɗari baƙaƙe, wasunsu sababbin zuwa daga Missouri bayan yaƙin basasa. Iyalin McWorter suna nan da gonakinsu. Louisa, matar Squire, ta riƙe babban gida a tsakiyar gari bayan rasuwar mijinta, Solomon kuma a 1867 ya yi rajistar wata na'urar da ya ƙirƙira ta dafa ruwan takanda ya zama zuma.

A 1869 aka shimfiɗa layin dogo daga Naples, a bakin kogin Illinois, zuwa gaɓar da ke fuskantar Hannibal ta Missouri. Layin ya taho kamar zai ratsa New Philadelphia, sai ya yi kwana ya lanƙwasa arewa, ya zagaye garin, ya dawo ya ci gaba. Aka kafa tasha a Hadley, ba nisa. Christopher Fennell na jami'ar Illinois, ɗaya daga cikin jagororin tonon, ya bi takardun kamfanin da yanayin ƙasar ya ce miƙaƙƙiyar hanya ta fi arha kuma ta fi sauƙin hawa, don haka wariyar launin fata ce ta lanƙwasa ƙarfen, musamman da yake masu kuɗin Hannibal, garin da jiya-jiya ake cinikin bayi a cikinsa, suna da babban hannu a aikin. Wasu masanan sun ce tudu da kwari da son ran wasu masu filaye sun isa su bayyana kwanar, kuma jirgin ƙasa ya kashe ɗaruruwan ƙauyukan Turawa zalla ta wannan hanya. Ni na fi karkata ga Fennell, amma ko da wace niyya aka yi, gari mai injin niƙa da attajirai masu hannun jari da wuya a zagaye shi haka, kuma mun ga inda kuɗin da za su yi wannan suka tafi.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Manomi yana bin tasha, ɗan kasuwa yana bin manomi. Kantuna suka koma Barry da sauran garuruwan bakin layi, iyalai suka yi yamma zuwa Kansas ko suka shiga birane. A 1885 hukuma ta soke wani ɓangare na taswirar, wasu titunan da aka ja wa layi suka koma kunyoyin gona. Zuwa shekarun 1940 garma ta bi ta kan kusan komai. Lucy ta ga farkon wannan: ta rasu a 1870 tana da shekara 99, shekara ɗaya bayan jirgin ya fara wucewa ta arewa.

Sunan garin ya dawo ne ta hannun zuriyar. Juliet Walker, farfesar tarihi kuma jikanyar jikan Frank, ta bi kundayen kotu da na filaye a Kentucky da Illinois ta haɗa labarin, ta sa aka shigar da kabarinsa cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa a 1988. Filin garin ya shiga rajistar a 2005, aka ɗaga darajarsa a 2009, a watan Disamba na 2022 kuma majalisar dokokin Amurka ta mai da shi wurin tarihi na ƙasa ƙarƙashin hukumar kula da gandaye. Wanda ya je yau zai tarar da buɗaɗɗen tudu mai ciyawa, da rumfa mai allunan bayani, da wata hanyar tsakuwa da ta bi sawun Broad Way. Maƙabartar McWorter tana can gabas cikin bishiyoyi, inda Frank da Lucy suke kwance tare da wasu daga cikin waɗanda suka saya.